Ranar da Malam Sharhabil Ya Zauna a Kan Farfela

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah ya ja kwana. Allah gafarta Malam, Limamin masallacinmu, da malaman da ke zaune a gefensa. Mai girma Kansila. Sarkin Ruwa da mutanensa. Shugaban ƙungiyar masu walda, da abokan sana'a da suka rufe shagunansu a Panteka da Unguwar Kanawa suka taho saboda wannan zama. Iyayenmu mata da ke can cikin rumfa. Sai iyalan mamaci, matarsa Hajiya Kulu, 'yarsa Rakiya da ƙannenta, da 'yan'uwan da suka taso daga Malumfashi. Ina gaishe ku duka, Allah ya ba da ladan zuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habibu. Lambu nake yi a tsibirin nan da ke tsakiyar kogi, daura da Rafin Guza. Ni ba mai iya magana ba ne a gaban manya. 'Yan'uwana masu lambu ne suka ce in tsaya a madadinsu, don ina cikin waɗanda ruwa ya tare a ranar da zan ba ku labarinta. Saboda haka in kun ji na ce "mu", bakin mutane da yawa ne nake ara.

Malam Sharhabil ya zo garin nan yana saurayi. A Panteka ya koyi walda, daga baya ya buɗe shagonsa a Unguwar Kanawa, ya yi gida a nan cikinmu. Ya kasance mutum mai jan ido, ba don faɗa ba, wutar walda ce ta mayar da idonsa haka. Ya kasance ba ya gaggawar amsa magana. In ka tambaye shi abu, sai ya dube ka har ka fara zaton bai ji ba, sannan ya ba ka amsa. Ya kasance mai taurin kai, wannan kuwa ba zan ɓoye ba don ya rasu, Hajiya Kulu ta fi kowa sani. In ka kai masa tukunya ka ce ya ɗan liƙe maka ka tafi, sai ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "In liƙi kake so, ga mai liƙi can gaba. In gyara kake so, ajiye ta ka dawo gobe." Da yawa daga cikinmu mun tafi da fushi, kuma mun dawo goben.

Tankin ruwan masallacinmu aikinsa ne. Ƙofar makarantar Islamiyya aikinsa ce. Injinan ban-ruwanmu kuwa babu wanda bai taɓa kwana a shagonsa ba. Amma ba don waɗannan aka tsayar da ni ba. An tsayar da ni ne in yi maganar jirgi.

Kun san da kwalekwale muke ƙetarawa zuwa tsibiri. Da damina ta riƙa zuwa da ƙarfi, sai ƙungiyarmu ta masu lambu ta haɗa kai da Sarkin Ruwa aka samo wani tsohon jirgi daga kudu. Ba irin wanda ake rataya wa inji a baya ba ne. Injinsa a ciki yake kamar na mota, sai wani ƙarfe da ya fito ta bayan jirgin ya nutse a ruwa, wanda muke kira ƙafa. A jikin ƙafar nan farfela take. A can ƙasanta kuma akwai wani ɗan falle mai kama da ƙayar kifi, mu dai dunduniya muke ce masa. In ka gan shi ba za ka ɗauke shi a bakin komai ba. Amma shi ke fara cin karo da dutse kafin farfela ta ci, kuma shi ke riƙe jirgi ya miƙe idan ruwa na jan sa gefe. Ƙafar duk alminiyam ce, kuma a wannan yanki Malam ne ya iya waldarsa. Shi ya sa jirgin ya zama kamar ɗansa.

A daminar da aka yi babbar ambaliyar nan, wata safiya muka ƙetara kamar kullum. Akwai maza masu lambu, akwai mata da suka je tsinkar kuɓewa da alayyahu, cikinsu har da Hajiya Kulu. Akwai kuma Baba Ado, dattijon da ya riga kowa fara noma a tsibirin, wanda ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji amma ba ya yarda ya zauna a gida. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka ga ruwa ya canza launi, ya yi ja, yana ɗauke da itatuwa. An sha ruwa a can sama ba mu sani ba. Kafin mu tattara kayanmu ya tsinke igiyar kwalekwalenmu ya tafi da shi. Sai ga sama ita ma ta kece.

Muka kira gida a waya. Salim, direban jirgin, magidanci ne da ya san kogin nan, nan da nan ya tayar da inji ya nufo mu. Muna hangen sa. Bai yi nisa ba jirgin ya daki dutsen da ruwa ya rufe. Muka ga ya juya kansa, ya sake juyawa, ruwa na jan sa ƙasa. Da ƙyar Salim ya samu ya kai shi gaɓa, jama'a suka jawo shi kan tudu. Da aka ɗaga ƙafar aka ga dunduniya ta karye, saura ɗan guntu.

Abin da ya faru a bakin gaɓa ban gani da idona ba. Daga bakin Salim na ji, da Rakiya, da wasu da ke zaune a nan, in na yi kuskure su gyara mini.

Aka kira Malam. Ya zo da injin walda da tukunyar gas da janareta a bayan a-kori-kura. Ya tarar da bakin kogi cike da mutane, kowa da nasa a tsibiri. Ya durƙusa ya shafa wurin da ya karye, ya juya farfela da hannu.

Mutane suka ce, "Malam, inji fa yana tashi. Farfela lafiyarta ƙalau. A mayar da jirgin ruwa kawai."

Ya ce da Salim, "Da ka daki dutsen, jirgin ya ji maganarka?"

Salim ya ce, "Bai ji ba, Malam. Ina juya shi dama yana tafiya inda ya ga dama."

Ya ce, "Wannan babu kowa a ciki ke nan. To in ka ɗebo mata fa?"

Amma jama'a ba su haƙura ba, wasu har sun kama jirgin za su tura. Malam bai yi musu da kowa ba. Ya ɗauko sifana, ya kwance farfelar, ya ajiye ta a ƙasa, ya zauna a kanta. Ya ce, "Jirgin nan ba zai shiga ruwa ba sai na gama."

Mubarak, ɗan Baba Ado, yana wurin. Ya matso ya ce, "Baba, mahaifina ba shi da lafiya. Sanyin nan zai kashe shi. Don Allah ka ba mu farfelar."

Malam ya ce, "Na sani, Mubarak. Kama mini tamfol ɗin nan, iska na ɓata walda."

Mubarak bai kama ba. Ya faɗi maganganu masu zafi, waɗanda ba zan maimaita ba, ya koma bakin ruwa ya tsaya yana kallon tsibiri. Wasu suka kama tamfol suka yi wa Malam rumfa, suna riƙe suna zaginsa ƙasa-ƙasa.

Masu sana'a da ke nan sun san abin da zan faɗa, amma bari sauran jama'a su ji dalilin da aikin ya ja lokaci. Sai da ya fara tsiyaye man giyar da ke cikin ƙafar, don kada wuta ta kama shi. Ya yanke guntun da ya rage ya daidaita bakinsa. Ya yagi kwali ya zana siffar dunduniyar, ya ɗora a kan wani falle mai kauri da ya zo da shi, ya yanka. Ya gurje fenti da datti har ƙarfen ya yi fari, domin alminiyam ba ya karɓar walda in da ƙazanta. Ya naɗe saman ƙafar da jiƙaƙƙun tsummoki. Sannan ya fara ɗinkin walda. Ya ɗan ɗiga a wannan gefe, ya tsaya. Ya koma wancan gefe ya ɗiga, ya tsaya. Yana sa bayan hannunsa yana jin zafin ƙarfen, sai ya huce ya ci gaba. In ya zuba wuta gaba ɗaya, robobin da ke tare mai a ciki za su ƙone, ruwa ya shiga giya, jirgin ya tsaya a tsakiyar kogi. In kuma ƙarfen ya yi zafi da yawa, dunduniyar za ta karkace.

Wannan tsayawar da yake yi ita ta fi ci wa mutane rai. Ka ga mutum zaune, wuta a hannunsa, bai yin komai, yana jiran ƙarfe ya huce, alhali ruwa na hawa. Rakiya ta ce mini ta tsaya a bayansa tana kuka, tana son ta ce "Baba yi sauri", amma ta ga hannunsa na rawa duk lokacin da ya ajiye wutar, in ya ɗauka kuma sai rawar ta tsaya. Sai ta fasa.

Mu kuwa a tsibiri mun haye ɗan tudun da ke gindin mangwaro. Ruwa ya cinye lambuna, ya zo ya kama mu a idon sawu, ya kai ƙwauri. Muka ɗora Baba Ado a kan buhunan kuɓewa, muka lulluɓe shi da abin da muke da shi. Labari ya iso mana ta waya cewa Malam ya kwance farfela ya hana jirgi tashi. Ba zan yi muku ƙarya ba, magana ta tashi a cikinmu. Wata mata ta dubi Hajiya Kulu ta ce, "Mijinki ya san kina nan kuwa?"

Hajiya ta juyo wurina. Ta karɓi wayata ta kira Rakiya, ta ce a kara wa Malam a kunne. Ina tsaye kusa da ita, ina jin muryarsa.

Ta ce, "Malam."

Ya ce, "Ina ruwan ya kai?"

Ta ce, "Ya kusa gwiwa."

Ya ce, "Ku riƙe juna, kada kowa ya gwada iyo. Ban gama ba."

Ta ce, "Baba Ado jikinsa ya yi tsanani."

Can ya ce, "Ku rufa masa ƙirji. Ban gama ba, Kulu."

Ta ce, "To, Allah ya taimaka." Ta miƙo mini wayata, ta cire mayafinta ta ƙara wa Baba Ado, ta zauna ta tallafi kansa.

Tsakanin azahar da la'asar Allah ya karɓi ran Baba Ado. Muna kewaye da shi, ruwa na dukanmu, muna laƙƙana masa kalmar shahada. Ya cika da ita.

Bayan la'asar muka ji ƙarar inji. Malam ya gama, ya gurje ɗinkin, ya ja zare ya ga dunduniya ta miƙe, ya zuba mai, ya mayar da farfela. Kuma bai bar Salim ya taho shi kaɗai ba, ya shigo jirgin. Mun ga yadda ruwa ya riƙa bugun jirgin daga gefe, jirgin kuwa ya sa kai ya miƙo. A sahun farko aka kwashi mata. Hajiya Kulu ta ƙi shiga, ta ce sai da gawa. A sahu na ƙarshe muka taho, da mu, da ita, da Baba Ado a kwance a tsakiyarmu. A hanya jirgin ya sake gogar dutse, duk mun ji a ƙafafunmu. Ɗinkin ya riƙe. Kafin magariba babu wanda ya rage a tsibiri.

Jama'a, da labarin a nan ya ƙare, da na ce mu yi kabbara mu tashi. Amma akwai gawa a cikin jirgin nan, kuma ɗanta na tsaye a gaɓa. Mubarak ya karɓi mahaifinsa, bai dubi Malam ba. Malam ya je jana'iza, ya je zaman makoki, ya zauna a can baya. Ya miƙa wa Mubarak hannu, Mubarak ya kawar da kai. Haka suka zauna shekaru a unguwa ɗaya, masallaci ɗaya. In Malam ya biyo ta wannan layi, Mubarak ya bi ta wancan.

Mutane sun yi ta yabon Malam a kan wannan rana, shi kuwa ba ya son a tayar da zancen. Wata rana ina zaune a shagonsa ina jiran injin ban-ruwana, na ce masa, "Malam, ai ka yi daidai. Da jirgin ya kife da mata, da me za a ce?"

Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni. Ya ce, "Habibu, kai ka san zai kife?"

Na ce, "Ai alama ta nuna."

Ya ce, "Alama ce kawai. Wataƙila da na bari, da Salim ya lallaɓa ya isa, da Baba Ado ya kwana a asibiti. Ban sani ba. Abin da na gani a ƙarfen shi na bi. In aka sake maimaitawa haka zan yi, amma kada ka ce mini na sani."

Ya sauke gilashinsa ya ci gaba da aiki.

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Ya kasance mutumin da zai tsaya a kan abin da ya gani ko da gari duka na kansa. Ya kasance kuma, bayan ya tsaya, ba ya mayar da kansa mai gaskiya a kan wanda abin ya cutar. Bai taɓa aika kowa ya ba Mubarak baki ba. Da Allah gafarta Malam Liman ya nemi ya haɗa su, cewa ya yi, "A bar yaron nan. Uba ya rasa, ba gardama muka yi ba." Mu da muka tsira mun samu sauƙin cewa ya yi daidai, domin muna raye. Shi bai ba kansa wannan sauƙin ba.

Da ciwon ƙoda ya kama shi bara, ya zama sai an riƙa kai shi asibiti wankin jini. Wata safiya Rakiya ta fito neman abin hawa, sai ta tarar da Keke Napep a ƙofar gida, Mubarak a ciki, don sana'arsa ke nan. Ya ce mata, "Fito da Baba." Tun daga ranar shi ke kai shi, shi ke dawo da shi. Rakiya ta ce a hanya ba sa wata hira. Malam ya ce, "Sannu Mubarak." Mubarak ya ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Shi ke nan. Ranar da aka kai Malam makwancinsa, kun ga wanda ya shiga kabari ya karɓe shi.

Na je wurin Mubarak kafin wannan taro, na ce masa an sa ni magana, kuma ba zan ambaci sunan mahaifinsa ba sai da izininsa. Ya ce in faɗa duka. Na tambaye shi ko daga baya ya gane Malam ya yi daidai ne. Ya ce, "Kawu Habibu, har gobe ban san ko ya yi daidai ba. Sai da na yi aure na tuna cewa ranar nan matarsa ma tana tsibirin." Yana nan zaune a cikinku. Mubarak, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka.

Hajiya Kulu, mu da muka tsaya tare da ke a gindin mangwaron nan mun san irin haƙurinki, ba sai mun ce ki yi ba. Abin da za mu ce shi ne, ba a bar ki ke kaɗai ba. Muddin akwai mai lambu a tsibirin nan, gidanki ba zai nemi ganye a kasuwa ba, kuma duk abin da ya taso, ki aiko.

Rakiya, ke da ƙannenki, za ku ji mutane na cewa mahaifinku jarumi ne. Ku karɓa, gaskiya ne. Amma ke kin tsaya a bayansa, kin ga abin da sauran mutane ba su gani ba. Ki gaya wa ƙannenki cewa ya ji tsoro kamar kowa, kuma tsoron bai sa ya yi aikin banza ba.

Abokan sana'arsa, shagonsa na nan, kayan aikinsa na nan, kuma jirgin nan zai sake dukan dutse, don kogi bai daina ajiye duwatsu ba. Muna roƙon ku duba a cikinku wanda zai karɓi wannan amana.

Ina gode wa Mai Unguwa da ya ba mu wannan fili. Ina gode wa malamai, da Kansila, da Sarkin Ruwa, da matan da suka yi ɗawainiyar abinci, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Wanda Malam ya ɓata wa rai da taurin kansa, iyalinsa na roƙon ya yafe masa.

Kafin in sauka, Hajiya ta aiko mini da saƙo ta bakin Rakiya. Ta ce tun daga ranar ambaliya, ba ta taɓa jin Malam ya ɗaga hannu bayan salla ba tare da ya fara da sunan Baba Ado ba, kafin iyayensa, kafin kansa. Ta ce in za mu yi masa addu'a, mu bi yadda yake yi.

To mu ɗaga hannu.

Allah ka jiƙan Baba Ado, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. Allah ka jiƙan iyayen Malam Sharhabil. Allah ka jiƙan bawanka Sharhabil, ka yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba, ka karɓi aikin hannunsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka ba iyalinsa dangana, ka raya zuriyarsa a kan gaskiya. Ka tsare masu ƙetare ruwa, ka mayar da kowa gidansa lafiya. Ka haɗa waɗannan bayi naka biyu a Aljanna, su gaisa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.